Yadda ake raɗa wa dutsen wuta suna daga ma'adinansa da sinadarinsa

Mu a Maradi yashi muka sani. Yaro zai tashi a unguwar Zariya ko Bagalam, ya yi karatu har ya kai lise, ya haddace garanit da bazalt da gabro a kan allo, bai taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu a hannu ya san shi ne ba. Dalilin a fili yake: garin yana zaune a gefen babban kwarin nan na Iyullemeden, inda yashi da laka da dutsen yashi suka lulluɓe tsohon dutsen ƙasa. Sai ka gangara kudu, cikin yankin Madarunfa, wajen Ɗan Isa da Maraka da Niyelwa, kusa da iyakar Najeriya, sannan tsohon dutsen ke leƙowa a bakin ƙorama da cikin gonaki. Shekaru ina koyar da wannan darasi, kuma abin da na fi so ɗalibi ya tafi da shi shi ne a daina raɗa wa dutse suna da launin bayansa. A fasa shi, a ƙirga abin da ke ciki, sunan ya fito daga ƙirgen.

Abin da nake kira dutsen wuta a nan shi ne duk dutsen da ya samu daga narkakken dutse da ya huce ya daskare, ko a can ƙarƙashin ƙasa ko a bisa ƙasa bayan aman wuta.

Kayan aikin ba su da wuyar samu: guduma mai nauyi, tabarau na kare ido, lup mai ƙara girma sau 10, wuƙar ƙarfe ko ƙusa, guntun gilashi, maganaɗisu, farar leda mai kauri wadda ake hango abu ta cikinta, alƙalami maras gogewa, da ɗan littafi. Tabarau ɗin ba ado ba ne. Ɓarɓashin kwarts, wani ma'adini mai tauri kamar gilashi, yana tashi kamar harsashi, kuma ido ba shi da sauyi.

Mataki na farko: samo dutsen da ya dace

Ka fara gaida mai gari ko mai gona kafin ka ɗaga guduma, kuma a yankin iyaka kada ka yi yawo ba ɗan gari tare da kai. In ka isa, kada ka tsinci dutsen da ke yashe a ƙasa, don ba ka san inda ruwa ya kwaso shi ba. Ka nemi falalen dutse da ke kafe, ka ɓallo guntu kamar dunƙulen hannu, ka tabbata ka wuce ɓawon da rana da ruwa suka cinye. Cikin da kake nema shi ne mai ƙyalli, mai ƙara ƙwal idan guduma ta sauka. Wanda ke marmashewa a hannu ya riga ya ruɓe, feldispat ɗinsa, ɗaya daga cikin manyan ma'adinansa, ya soma komawa yumɓu, ba zai ba ka amsar kirki ba.

Wannan darasi a jikina na koye shi. Wata shekara na kai ɗalibai bakin wata ƙorama a kudu, na hango wani dutse baƙi ƙirin yana sheƙi, na ce musu ga gabro. Suka rubuta. Wata yarinya da ke riƙe da guduma ta ce, "Mushe, in fasa mu gani?" Ta fasa. Cikin ja-ja ne da fari, kwarts ko'ina. Baƙin ɓawo ne kawai, bai kai kaurin farce ba, tsatsar ƙarfe da ta taru a bayansa tsawon zamani. Na sa suka soke abin da suka rubuta, muka zauna a kan falalen muka sake aikin daga farko.

Mataki na biyu: ka tabbata dutsen wuta ne

A ƙasarmu abubuwa uku ke rikita mai koyo. Marmara, jan dutsen nan mai ramuka da ake zubawa a hanya, ba wuta ta yi ta ba, ruɓewar ƙasa ce a zafi da damina. Dutsen yashi kuwa in ka duba da lup za ka ga ƙwayoyi masu mulmulallen baki an manne su da juna, wani lokaci har suna zubowa idan ka murza. Na uku shi ne nais, kuma shi ya fi yaudara, don ma'adinansa irin na garanit ne, sai dai sun jeru layi-layi, fari da baƙi kamar saƙar gwado. Shi dutse ne da zafi da matsi suka sāke wa kama, kuma yana da yawa a kudancin Maradi, gefe da gefe da garanit. Dutsen wuta na ainihi ƙwayoyinsa a sarƙe suke cikin juna, ba manni a tsakani, ba jeri, kowace ta fuskanci inda ta ga dama.

Mataki na uku: girman ƙwaya

Idan kana iya rarrabe ƙwayoyin da ido, dutsen ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa, kowane ma'adini ya samu lokacin girma. Wannan shi ne gidan garanit da diyorit da gabro. Idan kuwa ko da lup ba ka ganin komai sai dunƙule guda mai laushi, wataƙila da ƴan ramukan da iska ta bari, to a bisa ƙasa ya huce da sauri: riyolit, andezit, bazalt. Kowane na ƙasa yana da tagwaye a sama, sinadari ɗaya, huce daban. Garanit da riyolit, diyorit da andezit, gabro da bazalt.

Akwai mai fuska biyu, manyan ƙwayoyi suna iyo cikin ƙanana. Shi ya soma hucewa a hankali, sannan yanayi ya sauya masa. Garanit mai manyan ƙwayoyin feldispat kamar ɗan yatsa ba baƙo ba ne a kudancinmu.

Wannan mataki ne ke raba hanya. Mai manyan ƙwaya ana ƙirga ma'adinansa. Mai laushi sai a nemi sinadarinsa a ɗakin gwaji.

Mataki na huɗu: gane ma'adinai ɗaya bayan ɗaya

Nan aikin yake, kuma nan ya kamata ka daɗe. Ka jiƙa fuskar dutsen da ruwa, ka tsaya inda rana ke faɗowa ta gefe, ka kai lup kusa da idonka, sannan ka matso da dutsen har ya fito sarai. Mafi yawan masu koyo suna yin akasin haka, su ajiye lup a kan dutse su tsaya nesa, sai su ce ba su ga komai ba.

Kwarts shi ne farar ƙanƙarar da muka sani a cikin tsakuwar gulbi, amma a cikin garanit ba fari ba ne sosai. Toka-toka yake, kamar gilashin da aka shafa wa mai, kuma ido na ɗan shiga cikinsa. Ba ya tsagewa a miƙe, karyewa yake kamar gindin kwalba. Taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai, mai tashi daga 1 zuwa 10, don haka yana karce gilashi, wuƙa kuma ba ta yi masa komai. In ka ga layi bayan ka ja wuƙa, shafa da yatsa, ƙarfen wuƙar ne ya goge a kansa.

Feldispat taurinsa 6, ido ba ya shiga cikinsa, kuma yana tsagewa da shimfiɗaɗɗiyar fuska. Juya dutsen a hankali a rana, za ka ga wasu ƙwayoyi suna walƙawa gaba ɗaya kamar madubi sannan su mutu. Su ne. Gida biyu ne, kuma raba su shi ne abin da ya fi wahala a duk aikin. Feldispat mai alkali, wato mai fotasiyam da sodiyam, yakan zama ja-ja kamar tsokar nama ko ruwan madara. Filajiyokilas, mai sodiyam da kalsiyam, yakan zama fari ko toka. Na ce yakan, domin launi yana ƙarya: akwai farin feldispat mai alkali. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce siraran layuka miƙaƙƙu, jere da juna kamar an ja su da rula, a kan fuskar da ke walƙiya. In ka gan su, filajiyokilas ne. Sai ka juya ƙwayar sau da yawa kafin haske ya kama su, kuma ranar da ɗalibi ya fara ganinsu da idonsa za ka ji ya yi kabbara.

Baƙaƙen ma'adinai huɗu ne za ka fi haɗuwa da su. Biyotit, baƙin mika, yana ɓarewa fallen-fallen da bakin allura, mai laushi ne, taurinsa bai wuce 3 ba. Idan ya ruɓe yakan koma ruwan zinariya, kuma ya sha ruɗar mutane a bakin rafi, musamman tun da aka ga zinariya ta gaske a yankin Ɗan Isa. Amfibol dogo ne kamar guntun tsinke, tsagarsa biyu suna haɗuwa a karkace, kusan digiri 60 da 120. Firoksin gajere ne, kakkaura, tsagarsa kusan digiri 90, kamar kusurwar tubali. Olibin kore ne, ƙwaya-ƙwaya kamar sukari, ba shi da tsaga bayyananniya.

Akwai ƙa'idoji biyu da za su tsare ka daga kuskure. Olibin mai yawan magneziyam yana daskarewa tun narkakken yana da tsananin zafi, kwarts kuma shi ne na ƙarshe, saboda haka da wuya ka same su tare. Masanin nan Norman Bowen ne ya tsara wannan jerin daskarewa a shekarun 1920. Ta biyu kuma, kwarts ba ya zama da nefelin da danginta, domin su ma'adinai ne da ke fitowa inda silika, sinadarin da kwarts ke samuwa daga gare shi, ta yi ƙaranci, kwarts kuma alamar rarar silika ne. In ka rubuta su biyun a dutse ɗaya, ɗaya ka gane shi ba daidai ba.

Mataki na biyar: ƙirge

Ido yana ƙara wa baƙi yawa. Dutsen da baƙinsa kashi 10 ne cikin 100, mai kallo zai rantse ya kai 25. Don haka muke ƙirge. Ka zana layuka a kan ledar, 10 tsaye 10 kwance, tazararsu daidai da girman ƙwayar dutsen ko ta ɗan fi, ka samu mahaɗa 100. Shimfiɗa ta a kan fuskar da ta fi daidaita, ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, abin da ke ƙarƙashin kowace ka ja masa sanda a littafi. Mutum biyu sun fi: ɗaya na dubawa yana faɗa, ɗaya na rubutawa. Ka matsar da ledar ka maimaita har sau 3, don ƙirge 300 ya fi 100 kusa da gaskiya.

Tsarin da duniya ke bi wajen raɗa sunan shi ne wanda Albert Streckeisen, masanin duwatsu ɗan Suwizalan, ya jagoranci kafawa a shekarun 1970, ana kiransa QAPF. Q kwarts ne, A feldispat mai alkali, P filajiyokilas, F kuma nefelin da danginta. Yana aiki ne idan baƙaƙen ma'adinai ba su kai kashi 90 ba. In sun kai, dutsen ya shiga wani gida daban, gidan feridotit da ire-irensa, inda olibin da firoksin ke yanke hukunci.

Ga yadda lissafin yake. A ce cikin mahaɗa 100 ka samu kwarts 27, feldispat mai alkali 36, filajiyokilas 27, baƙaƙe 10. Ajiye baƙaƙen gefe, saura 90. Raba 27 da 90, kwarts ya zama kashi 30. Wannan lamba ta farko ke nan. Ta biyu: haɗa feldispat ɗin biyu, 36 da 27, ya ba da 63, ka raba filajiyokilas da wannan, 27 bisa 63, kusan kashi 43. Da lambobin nan biyu, 30 da 43, za ka je neman suna.

Idan kwarts yana tsakanin 20 da 60, kana cikin dangin garanit, sai lamba ta biyu ta faɗa maka wane ɗaki. Ƙasa da 10, garanit mai feldispat na alkali zalla. Daga 10 zuwa 65, garanit na sosai, wanda ake sake rabawa a 35: ƙasa da haka siyenogaranit, sama monzogaranit. Daga 65 zuwa 90 garanodiyorit. Sama da 90 tonalit. Namu mai 30 da 43 monzogaranit ne.

Idan kwarts bai kai 5 ba, iyakokin lamba ta biyu ba su sauya ba, sunaye ne suka sauya: 10 zuwa 35 siyenit, 35 zuwa 65 monzonit, 65 zuwa 90 monzodiyorit ko monzogabro, sama da 90 diyorit ko gabro. Tsakanin 5 da 20 kuwa sai ka riƙe waɗannan sunaye ka ƙara "mai kwarts" a bayansu.

Gwada wannan da kanka: kwarts 18, feldispat mai alkali 9, filajiyokilas 48, baƙaƙe 25. Jimillar farare 75, kwarts kashi 24, filajiyokilas 48 bisa 57, wato 84. Garanodiyorit ke nan, ko da duk masu fasa dutse a wurin garanit suke ce masa, kuma a wajen sayar da tsakuwar gini ba su yi laifi ba.

Diyorit da gabro suna ɗaki ɗaya a wannan lissafi, abin da ke raba su shi ne yawan kalsiyam a cikin filajiyokilas ɗinsu, iyakar tana kan kashi 50 na anortit, wato ɓangaren filajiyokilas mai kalsiyam. Lup ba ya ganin wannan. A daji muna dogara da abokan tafiya: diyorit yakan zo da amfibol da biyotit, fari da baƙi kusan kunnen doki kamar gishiri da gawayi, gabro kuma da firoksin, wani lokaci da olibin, ya fi duhu ya fi nauyi. Ka rubuta sunan da alamar tambaya har a yanka dutsen siriri a duba shi a madubin ɗakin gwaji. Ba abin kunya ba ne.

Nauyi ma shaida ne, kuma ana iya auna shi da sikelin mai shago. Auna dutsen, sannan ka nutsa shi a mazubi mai awo ka ga yawan ruwan da ya ture. Giram 540 da ya ture mililita 200 ya ba da 2.7, daidai da garanit. Gabro da bazalt suna wajen 3.0. Maganaɗisu da aka rataya da zare yakan ɗan karkata wajen bazalt saboda magnetit, ma'adinin ƙarfe, da ke cikinsa.

Mataki na shida: sinadari

Dutsen da ƙwayoyinsa ba sa ganuwa ba ya ƙirguwa, dole a niƙa shi gari a auna. A Yamai akwai sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni da makarantar ma'adinai ta EMIG, a nan gida kuma malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne za ka fara tuntuɓa su nuna maka inda ake kai samfuri. Abin da zai dawo maka takarda ce mai jerin sinadarai da kasonsu.

Fara da silika, SiO2. Sama da kashi 63, dutse ne mai yalwar silika, gidan garanit da riyolit. Daga 52 zuwa 63 matsakaici, gidan diyorit da andezit. Daga 45 zuwa 52 gidan gabro da bazalt. Ƙasa da 45 mai ƙarancin silika ƙwarai. Littattafanmu na faransanci suna ce wa na farko mai asid, na uku mai baz, sunaye ne da aka gada daga tsohuwar fahimta, ba su nufin dutsen yana da tsami.

Kada ka haɗa silika da kwarts, nan ɗalibai ke zubewa a jarrabawa. Kwarts silika ce zalla da ta fito a matsayin ƙwaya, amma feldispat da firoksin da olibin duk suna ɗauke da silika a jikinsu. Bazalt zai nuna silika kashi 48 ba ƙwayar kwarts ko ɗaya a cikinsa. Garanit mai kwarts 30 yakan nuna silika wajen 70. Launi ma a nan ya sake faɗuwa: obsidiyan, gilashin aman wuta, baƙi ne wuluk amma silikarsa irin ta riyolit ce, anortozit na tsaunukan Ayar kuma mai haske ne alhali dangin gabro ne.

Ga duwatsun aman wuta ana amfani da zanen TAS, wanda aka tsayar a 1986: silika a kwance, jimillar alkali, wato Na2O na sodiyam da K2O na fotasiyam, a tsaye. Kafin ka ɗora lamba a kansa, cire ruwa da iskar da suka ƙone a gwaji, ka mai da sauran 100. Misali takarda ta ce silika 47.0, Na2O 2.9, K2O 1.0, abin da ya ƙone 2.0, jimilla 100. Busasshen jimilla 98 ne. Silika 47 bisa 98 ta zama 48.0, alkali 3.9 bisa 98 ya zama 4.0. Silika tsakanin 45 da 52, alkali ƙasa da 5: bazalt. In alkali bai yi yawa ba, 52 zuwa 57 andezit mai kama da bazalt ne, 57 zuwa 63 andezit, sama da haka dasit, sannan riyolit. In alkali ya hau sosai sai ka shiga tirakit da fonolit, irin waɗanda ke tsaye tsululu a Ayar tare da bazalt. Dutsen da abin da ya ƙone a cikinsa ya yi yawa ya riga ya ruɓe, sodiyam da fotasiyam ɗinsa sun tafi da ruwa, zanen zai ba ka sunan ƙarya. Shi ya sa na dage tun a mataki na farko a kan lafiyayyen ciki.

Sunan yana da amfani bayan jarrabawa. Mai haƙa rijiyar burtsatse da ya bar yashin Maradi ya shiga garanit na kudu ko na Damagaram ya san ruwa ba ya kwance ko'ina, sai a tsagogi da ruɓaɓɓen saman dutsen. Mai neman kuza ya san ba kowane garanit ke da ita ba, jerin garanit masu alkali ne da suka taso daga Ayar, suka bi ta Damagaram da Muniyo har Jos, na arewa sun fi tsufa, na Jos sun fi ƙuruciya. Kuzar Elmeki a Ayar da ta Jos daga wannan dangi suka fito. Na kudancin Maradi tsofaffi ne a kansu, na zamanin da ake kira Fan-Afirka, wajen shekaru miliyan 600.

Kafin ka bar wurin, ka rubuta lamba a jikin samfurin da alƙalami maras gogewa, ka sake rubuta ta a takarda ka jefa cikin ledarsa. A littafi ka sa ranar, sunan ƙauye, lambobin wurin daga wayarka, girman ƙwaya, ƙirgen da ka yi, da sunan da ka ba shi. Ka ɓallo guda biyu daga falale ɗaya: ɗaya na niƙawa a ɗakin gwaji, ɗaya ya zauna a aji, don ɗalibin baɗi ya ɗora ledarsa a kai ya gwada ƙirgensa da naka.